Norma Thewlis da Filayen Scarthwaite

Da safiyar Talata, 11 ga Fabrairu, 'yarki Gillian ta bugo mini waya ta ce kin rasu a asibiti, kina da shekara saba'in da takwas.

Norma, mutane za su yi mamakin ganin ni ne na rubuta wannan, domin shekara huɗu muka yi ba ma ga maciji. Ke ce kansilar da ke shugabantar kwamitin tsara gari, ni kuma jagoran masu cewa ba za a aza tubali ko ɗaya ba a korayen filayen da doka ta keɓe kewaye da garin Scarthwaite, saboda tsuntsayen da ke sheƙa a wurin. Wani kamfani ya nemi gina gida ɗari uku a makiyayar bakin rafi, ni kuma na zaci za ki amince. Har takarda na rarraba ina kiranki maciya amana.

Wata Asabar kika ƙwanƙwasa ƙofata ana yayyafi. "Clive, sa takalminka, tsohon rigimamme. Ba faɗa na zo ba." Kika kai ni wurin Beverley, ma'aikaciyar jinyar da ta kula da matata har ta cika. Ita da 'ya'yanta uku suna cunkushe a ɗaki ɗaya saman shagon wanki, bango duk danshi. Da muka sauko kika ce, "To, sarkin tsuntsaye, su waɗannan a wace bishiya za su kwana?"

Ba ki ba kamfanin makiyayar ba. Wata takwas kina jan su har suka yarda da gida sittin a kangon tsohuwar masana'antar tubali, rabi na haya mai sauƙi. Sai dai kangon ma cikin keɓaɓɓen filin yake, don haka mutanena ba su yafe miki ba. A zaɓen da ya biyo baya kika faɗi. Kunya ta hana ni fitowa in kare ki, ke kuma ko sau ɗaya ba ki goranta mini ba. Shayi kawai kike dafa mana, ki tsokane ni kan ƙarar motata.

Allah ya jiƙan ki, Norma, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutawa. Gillian, ke da ɗan'uwanki Howard da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da na kasa faɗa a gaban jama'a tana raye, yau na faɗa: Norma ce da gaskiya.