Ranar da Baba Menashe Ya Ajiye Aska

Kowace safiya, kafin masu kifi su baje kaya a bakin teku, Baba Menashe Korlekar ya riga ya buɗe majami'ar Yahudawan garinmu a nan gaɓar Konkan. Yakan ƙara wa fitila man kwakwa, ya share kashin tattabaru a matakala, sannan ya goge kujerar Annabi Iliya da muke fito da ita ranar kaciya. Yanzu sai a shekara ba a buƙace ta ba, amma gugar ba fashi. In ya gama sai ya zauna jiran masu addu'a, mu 'yan tsirarun da ba mu kwashe mun koma Isra'ila ba. Ya gaji, mu ma mun gaji, sai dai shi ba ya faɗa.

Shi ne mohel ɗinmu, wato wanzamin da ke yi wa 'ya'yanmu maza kaciya ranar takwas da haihuwa, ya shigar da su alkawarin Ibrahim, a kuma raɗa musu suna a nan take. Da wuya ka sami namiji a cikinmu da bai bi ta hannunsa ba. Tsohuwa Segulla tana ba da labarin shekarar ambaliya, da ya shigo ƙauyensu ruwa har ƙirji, jakar kayan aiki a ka. “Ko shayi ya ƙi sha,” in ji ta, “wai sai ya ga yaro tukuna. Da ya gani kuma ya hau ni da faɗa, wai na jibga masa tsummoki zan dafa shi.” Faɗa kam akwai shi. Da na tambaye shi ina duk yaran nan nasa, tsaki ya ja. “Ni ina yi, jirgin sama yana kwashewa,” ya ce.

A daminar bara aka haifa wa Yo'el, jikan Segulla, ɗa namiji, bayan ya daɗe yana nema har ya fara fid da rai. Ranar takwas gida ya cika da dangi. An daka shinkafa, an kwaɓa ta da kwakwa da sukari, an ɗauko kujerar Annabi, an ɗora jariri a cinyar kawunsa. Baba Menashe ya wanke hannu, ya ɗauki aska. Mu da ke kusa muka ga bakin askar yana rawa. Ya ajiye ta, ya murza yatsunsa, ya sake ɗauka. Rawar ba ta daina ba.

“Yo'el, zo nan,” ya ce. “Ba zan yi ba. Hannun nan ya ƙi.”

“Haba Baba, sanyi ne kawai. A kawo maka shayi.”

“Ba sanyi ba ne. Tun bazara nake jinsa, ina yi wa kaina ƙarya. A buga wa Likita Gershon waya ya taso daga garin Thane.”

An buga, likitan ya kamo hanya, amma kogi ya haye gada, motoci suka yi cirko-cirko a ƙetare. Kaciya kuwa aikin rana ce. In rana ta faɗi, ranar takwas ta wuce ke nan, yaro kuma zai kwana ba suna. Abinci ya huce, mata suka daina waƙa. Da la'asar Yo'el ya durƙusa gaban tsohon, hawaye na zuba.

“Baba, kai ka yi wa ubana, kai ka yi mini. Ko ido a rufe za ka iya. Ka rufa mini asiri.”

“Tashi, kada ka ɓata wandonka,” in ji Baba Menashe. “Yau an rasa ta, gobe tana nan. In na zame fa? Ina zan samo maka wani ɗan?”

Haka ya zauna, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, har duhu ya shigo. Washegari likita ya iso ya yi aikin. Segulla ta gaya mini a asirce cewa tun farko sunan Menashe aka shirya sa wa yaron. Asher aka sa masa.

Baba, kai ne wanda bai taɓa makarar da ɗan kowa ba, har ranar da ka zaɓi makara da kanka. Kai ne ka tsaya a gaban ɗaki cike da mutane ka ce ba ka iyawa, alhali babu wanda zai tona ka. Na ga yadda abin ya ci ka, ka rame, faɗan ma ya ragu. Har yau in Yo'el ya hango ka a kasuwa yakan tsallaka titi, kai kuma ba ka taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. Wannan yana yi mini ciwo, shi ya sa na rubuta.

Mun gode, Baba Menashe, da ayyukan da ka yi, mun kuma gode da wanda ka ƙi yi. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, likita ne ko direba ko ungozoma, ya dubi hannunsa da gaskiya yadda tsohon nan ya dubi nasa, ya ajiye tun bai yi ɓarna ba. Asher ya fara tafiya, lafiyarsa ƙalau, bai san wa zai gode wa ba. Mu mun sani.