Alwalar Baffa a Ruwan Shayin Mutane

Har yau in na ji ƙamshin ganyen shayi an zuba masa tafasasshen ruwa, raina ɓaci yake yi. Baffa yake tuna min, yayan mahaifina, ni kuwa ba na son tuna shi.

Ina 'yar shekara goma muna zaune a Panyu, a ƙasar China. Abba yana aiki a masana'antar takalman wani ɗan China da muke kira Laoban, wato maigida. Da sa hannunsa ake sabunta mana takardar zama duk shekara. Da zafi ya shigo sai ya gayyace mu ƙauyensu, mu ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Baffa ya zo sari daga Kano. Ba wanda ya gayyace shi, amma shi ya fara shigewa gaban mota.

Matakala ce doguwa cikin itatuwan gora, ga sauro, ga rugugin ruwan tun daga nesa. Laoban yana hawa yana ba mu labari. Kakanninsa baƙi ne daga arewa, masu ƙasa suka hana su kwari, suka hau nan suka sassaƙa kwarmi a gindin ruwan. Nan kaɗai ƙauyen ke ɗibar ruwan shayi, da ludayi, ko hannu ba a tsomawa. Da bakina na fassara wa Baffa wannan.

Da azahar ta yi, Abba ya koma gefe da robar ruwansa don yin alwala. Baffa kuwa ya tuɓe takalmi, ya kuskure baki ya tofar a kwarmin, ya tsoma ƙafa. Wata tsohuwa ta yar da bokitinta ta ƙwala ihu. Ashe gwaggon Laoban ce.

"Yaya, ka ba su haƙuri," in ji Abba, murya ƙasa-ƙasa.

"Haƙurin me? Ruwa mai gudu ne. Ke, gaya musu ruwan Allah ne, ba na ubansu ba."

Ban fassara ba, amma fuskarsa ta riga ta gaya musu. Haka muka sauko. Lokacin sabunta takarda na zuwa Laoban ya daina ɗaga wayar Abba. A tsakiyar zangon karatu muka tattara muka bar ƙasar.

Yanzu ni ma ina zuwa China sari. An ce an sa wa hanyar ruwan tikiti, an kewaye kwarmin da ƙarfe. Ban koma ba. Abba ya rasu yana sayar da takalma a rumfar haya. Baffa na nan da sitonsa a Baiyun, can China, yana ba da labarin ranar yana dariya. Duk zuwana sai ya aiko in je mu gaisa, ni kuma in ce a gaya masa jirgina ya kusa tashi.