Ranar da Caga Bai Ci Ba

Ku da kuka zauna da Baba a Tudun Wada kun san halinsa. Hadari na haɗowa zai fito tsakar gida, ya ɗaga kai, ya ja tsaki: "Shi ke nan, yau caga zai kwana da yunwa!"

Caga fa tsuntsu ne, baƙin nan mai nutso ya kamo kifi! Mu muna ta kwashe shanya, shi uban mijina yana jajen tsuntsun da ya baro a tafkin Chadi tun da rikici ya koro su daga Baga. Wai in iska ta dama ruwa caga ba ya ganin kifi, sai ya yi ta nutso a banza har ya gaji ya hau kututture.

Ni kifin ƙanƙara nake soyawa a bakin titi. Ran da na fara miƙa masa, sai da ya juya shi ya leƙa idonsa. "'Yar nan, wannan ai ya rasu tun kafin a haife ki." A gaban masu saye fa!

A ƙofar masallacin Juma'a kuwa, masu bincike suka ce ya buɗe hannuwa. Suka gama, ya ƙi saukewa.

"Baba, wuce mana!"

"Ban bushe ba tukuna. Haka caga ke shanya fiffike."

Layi har titi.

Amma abin da ya fi ƙona min rai, ranar ruwa ba ya cin abinci. In kai masa tuwo, ya turo shi. "Caga bai ci ba, ni masunci in ci? Ba wa yara."

"Baba, caga ne ya haife ka?"

"Shi ya nuna min inda kifi yake. Ke me kika nuna min?"

Maƙwabta suka ce gudun hijira ya taɓa masa kai. Taɓin kan wa? Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ranar ruwa ai ba na fita suya, tukunyar ba ta isar mu, kuma ya sani sarai. Na yi faɗa, na yi magiya, har na haɗa shi da Allah. Tsohon nan ya kafe a kan tsuntsunsa, jikokinsa suna suɗe kwanonsa.

Da damina ya rasu, bai sake ganin tafkin ba. Allah ya jiƙan Baba, ya ciyar da shi inda hadari ba ya hana kowa ci.