Daga Ikara zuwa Taba da Agogon Baba a Cinya

Ana sallame sallar asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce muka bar Ikara, ni da taubashina a kan babur ɗinsa, yana tuƙi ina baya rungume da kular abinci. Wanda duk ya gan mu zai ce ɗumame za mu kai gona. Agogon mahaifina ne a ciki, na naɗe shi da zani biyu na cusa tsumma ta kowane gefe. Ba mu fita gari ba na ce ya bi a hankali, ba a jima ba kuma na ce ya ƙara wuta. Ya ce in zaɓi ɗaya.

Agogon bai wuce tsayin tafin hannu da ɗan ɗoriya ba. Jikinsa tagulla ne, da gilashi gaba da baya da gefuna har da sama, kana kallon hanjinsa yana aiki. Yana da mariƙi a ka, don Faransawan da suka ƙera shi matafiya suka yi wa, masu doguwar tafiya a keken doki. Kakana ya samo shi a Chadi lokacin da ya tafi aikin hajji a ƙafa. Kusa da mariƙin akwai ɗan maɓalli, in ka danna sai agogon ya buga maka ƙarfen da ake ciki. Baba ya shekara tara ba ya gani, da maɓallin nan yake sanin lokaci. Shi ne limamin masallacin ƙofar gidanmu, kuma ban taɓa jin ya tambayi wani ko lokacin salla ya yi ba.

Sati uku kafin tafiyar nan agogon ya daina bugawa. Ni na ɓata shi, kuma ban gaya wa kowa ba. Na zo gida daga Kaduna, na ga yana nuna ƙarfe uku alhali wayata ta ce tara da rabi na safe. Tun muna yara haka yake, ba ya tafiya da agogon kowa, mun ɗauka tsufa ne Baba yake cike gurbin da ka. Ranar nan karambani ya ci ni. Na buɗe bayansa, na sa makulli, na ga baya ta fi kusa, na juya hannun baya. Sai na ji ƙaras. Na yi maza na mayar da shi inda na same shi na fice.

Baba ya ɗauka shi ne ya murɗa makullin ya wuce ƙima. Ya kira ni ya miƙo mini makullin ya ce, “Riƙe. Hannun ma ya bi ido.” Na karɓa na sa a aljihu. Bayan kwana biyu ya fito la’asar tun da sauran awa guda, ya zauna shi kaɗai a masallaci yana jiran mutane. Na sayo masa waya mai faɗin lokaci, ya ce ba zai yi yawo da mace mai Turanci a aljihu ba. Ƙarshe ya gaya wa dattawan unguwa cewa ranar Juma’a zai miƙa limanci ga na’ibinsa. Saboda haka kwana ɗaya gare ni in nemo tsohon da ya taɓa wanke agogon shekarun baya, wanda Baba ya ce yana zama a bakin tashar Makarfi.

Hanyar Makarfi ta sha ruwan bana. Inda babu rami an shanya masara, mai babur sai ya zaɓi wanda zai taka. Gonakin rake hagu da dama, sun fi mutum tsayi. Mun tsaya wurin ’yan bumburutu, taubashina ya ji kuɗin kwalba ɗaya ya tambayi mai man ko da zuma aka haɗa. Muka karya da koko da ƙosai a tsaye. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa abu. Taubashina yana ci yana cewa shi bai yarda Kawu ne ya ɓata agogon nan ba, akwai dai mai ɗan hannu a gidan, Allah ya tona shi. Na ce ya yi sauri rana tana yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A bakin tashar Makarfi babu mai gyaran agogo. Inda aka kwatanta mana teburinsa, shagon cajin waya ne, wayoyi sun fi hamsin kwance kamar an shanya kifi. Mai shagon ya ce tsohon ya tashi da daɗewa, tunda mutane suka koma duba lokaci a waya. Ya nemi ya ga abin, na buɗe kular, nan da nan aka yi mana zobe. Wani ɗan gwangwan ya ɗaga shi ya jijjiga a kunne ya ce zai saya a kan kilo. Na fizge abina har muka kusa yin faɗa. Wani mai sayar da goro ne ya ce mu tafi Gazara, ’yar tsohon tana aure a can.

Hanyar Gazara laka ce. Sau biyu na sauka na ɗora kular a ka na tsallake ruwa, wandona naɗe har gwiwa, taubashina yana tura babur yana cewa da ma matata ta gan ni. Ƙamshin mazarƙwaila ya tare mu tun kafin mu shiga, ana dafa ruwan rake a manyan tukwane hayaƙi yana tashi. A wata rana da na tsaya na saya. Ranar nan ko kallo ban yi ba, ina ta ciro waya ina mayarwa kamar lokacin zai ji tausayina.

’Yar tsohon ta yi mana magana daga bayan ƙyauren zaure, mijinta yana gona. Ta aiko da fura mai sanyi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ai mahaifinta ya koma Taba wajen ƙanensa tun bara. Taba kuwa a ƙasar Kudan take, wato mu koma ta inda muka fito mu tsallaka babban titin Zariya zuwa Kano. Rana ta take tsaka. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, ni da furfura a gemu. Taubashina ya shanye furarsa ya shanye tawa.

Mun yi azahar a wani masallacin bakin titi, kular tana gabana. Daga nan sai ƙasar Kudan, motoci shaƙe da kwandunan tattasai, Fulani suna kora shanu ta gefen gonaki. Matambayi ba ya ɓata, amma yana ɓata lokaci, don kowa muka tambaya sai ya fara da gaisuwa. Ƙarfe biyu da rabi muka iso Taba.

Mun same shi a kan buzu a gindin darbejiya, ɗan siririn tsoho mai farin gemu. Muka durƙusa. Ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya tambayi jikin Malam, wato Baba, ya sake tambayar hanya. Ni kuwa hannuna yana kan murfin kula. Sai da ya gama ya sa aka kawo masa ruwa ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala wani ɗan gilashi a ido ɗaya.

Ya buɗe bayan agogon ya ce in matso. Ya nuna mini haruffa biyu ƙanana cikin wani zagaye mai kamar ƙwai, an buga su a jikin tagulla. Ya ce sunan da ke rubuce a fuskar agogon na mai kanti ne a Paris, wannan na baya shi ne tambarin maƙerin. Maigidansa da ya koya masa aiki a Damagaram ya gaya masa cewa ba mutum ɗaya ke yin irin wannan ba. Wani gari a bakin teku ke yanka haƙoran ciki, mutanen kan dutse su yi abin da ke bugawa a sama kamar zuciya, wani ya zuba gidan tagulla, na ƙarshe ya harhaɗa ya buga tambarinsa inda ba mai dubawa. A gefe kuma akwai ƙananan zane-zane, na masu gyaran da agogon ya bi ta hannunsu. Ya nuna nasa, da ajami.

“To, me ya same shi, ɗana?”

Na ce Baba ya ce murɗawa ya yi ta yi yawa.

Ya danna maɓallin, ya kasa kunne, ya sake leƙawa. Ya cire gilashin daga idonsa ya dube ni.

“Wannan ba aikin makaho ba ne. Malam ya fi shekara hamsin yana murɗa shi, hannunsa ya san inda zai tsaya. Mai ido ne ya juya shi baya.”

Taubashina ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai na ce, “Ni ne, Baba. Na ga ba daidai yake ba.”

“Daidai da na wa?”

Ya yi mini bayani ba tare da faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce mutanen da suka zauna Makka a da, ƙarfe sha biyunsu faɗuwar rana ce, don daga magariba ake fara lissafin kwana. Da wannan kakana ya dawo, a kansa Baba ya tashi. In ya ji bugu kaza ya san saura kaza asuba, in ya ji kaza ya san la’asar ta kawo jiki. Shekara arba’in da bakwai ina gidan nan ina shiga ina fita, ban taɓa tambaya ba.

Wani ɗan ƙarfe ne siriri ya lanƙwashe. Ya kama shi da matsefata irin ta cire ƙaya yana miƙarwa kaɗan-kaɗan, ya tsaya, ya huta, ya ci gaba. Ya ce in ya karye babu irinsa daga nan har Legas. Na tashi na zaga bishiyar, na dawo, na sake tashi, har ya ce in zauna ina tare masa haske. Aka kira la’asar muka je muka dawo. Sai wajen huɗu da rabi ya danna maɓallin, agogon ya amsa. Na ce ya saita mana shi. Ya ce a’a, mai shi zai saita da magariba, mu dai mu kai shi kafin rana ta faɗi.

Ban san yadda muka iso ba. Hadari ya haɗo ta gabas ya watse, mun faɗa rami biyu, ban ce a hankali ba ban ce ƙara wuta ba. Taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya kwana bai yi mini tsiya ba, ko uffan bai ce ba har Ikara. Shirun nan ya dame ni ƙwarai.

Mun tarar da Baba a zaure ya yi alwala, yana zaune yana jiran a ce masa lokaci ya yi. Na durƙusa na ajiye agogon a gabansa, amma ban bari ya taɓa ba sai da na faɗa masa komai, tun daga ranar da na buɗe shi. Ya juyo da fuskarsa gare ni.

“Ranar da na ba ka makullin, ka sani?”

“Na sani, Baba.”

“Sati uku kana kallona.”

Ya miƙo hannu ya ce, “Ba ni makullin.” Ya laluba ya buɗe bayan agogon, ya jira. Ladan yana ɗaga murya Baba ya juya hannun gaba a hankali, yana tsayawa kowane ƙarfe ya bar shi ya gama bugawa, har ya kai sha biyu. Ya sa makullin a aljihu, ya ɗauki sandarsa ya fita. Na’ibi yana ganinsa ya ja da baya ya shiga sahu.

Juma’a ta zo ta wuce, Baba bai miƙa limanci ba. Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kada ka gyara abin dattijo kafin ka tambaye shi, in kuma ka ɓata ka faɗa tun a ranar. Ƙarfen da na lanƙwasa an miƙar da shi cikin awa biyu, amma sati ukun da na bar mahaifina yana zargin hannunsa bai miƙe ba, har na baro Ikara ranar Lahadi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce masa na tafi, ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ce in na isa in kira ba. Na kira sau biyu, an ce yana masallaci.