Fadamar Kawu Dauda da Ba a Taɓa Nomawa Ba

Duk wanda ya taɓa kai ƙarar gona zauren Kawu Dauda ya san abin da zai fara ji. Kafin ka gama gaisuwa zai ɗaga sanda ya ce, "Bar sunan gonarku a bakin ƙofa tare da takalminka." Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana fili mai kusurwa huɗu, ya ɗiga ɗigo biyu a gabas. "Wannan Fadamar Kuka Biyu ce. To, me ya faru a cikinta?"

Babu wata Fadamar Kuka Biyu a ƙasar Haɗeja. Shi ya ƙirƙire ta lokacin da ya bar aikin magatakardan kotu ya koma koyar da dokar ƙasa. Ya ce ya taɓa ba da misali da gonar gaske a aji, ashe jikokin masu rigimar suna zaune a benci ɗaya, aka tashi da fasasshen leɓe. Tun daga ranar, saye da jingina da aro da gado duk a Kuka Biyu ake yin su. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shekara tara ina kai shi makaranta a babur, don haka na san fadamar nan fiye da ɗakina. Saura kaɗan kuma ta raba ni da ɗansa.

Matsalar ita ce Kawu bai ɗauke ta wasa ba. Wata damina kogi ya cika ya shanye gonaki har bakin hanya, wani ɗalibi ya tsayar da mu ya ce, "Malam, a maimaita mana jingina da Kuka Biyu."

"Yanzu? Kai wane irin mutum ne? Tana ƙarƙashin ruwa! Ka bari ya janye."

Wallahi bai koyar da jingina ba sai da ruwa ya janye.

Wani bawan Allah daga Kafin Hausa ya ji labarinta a bakin wani, ya biyo mu har gida da goronsa, yana neman aron gefe guda ya zuba alkama. Na zuba ido in ji Kawu ya gaya masa gaskiya. Sai ya karɓi goron, ya ɓare, ya shiga ƙirga yatsu kamar mai lissafi.

"Ka makara, Alhaji. Jiya na sayar da ita sau uku."

"Sau uku, Malam?"

"Aji uku gare ni."

Inna Hajara, matarsa, ita ce kaɗai ke iya masa. Takan ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, shekara talatin kana da fadama, ko tiya ɗaya ta shinkafarta ban gani ba." Shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi. "Haƙuri za ki yi, Hajara. Maganar tana kotu."

Da Allah ya karɓi abinsa, babban ɗansa Nasiru ya zo daga Kaduna, inda ya daɗe yana aiki. Ni da shi taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa sai ya tsokane ni. Wannan karon ya buɗe akwatin mahaifinsa ya tarar da taswira, an zana da jan biro, ga iyakoki, ga kukoki biyu, ga hanyar shanu ta arewa. Ya kira ni gefe, fuska ba walwala.

"Sabo, ina takardun Kuka Biyu?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Babu ita, Yaya. Misali ce."

"Misali ne Baba zai ce min a waya bana ruwa ya cinye ta? Kai kake yawo da shi. Inna da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin shinkafar ba. To gidan wa take zuwa?"

Inna tana takaba, ta aiko a gaya masa zolaya ce. Ya ce ita ma ɓoye mata aka yi. Kwana arba'in Nasiru yana gaishe ni kamar baƙo. Ba zan ɓoye ba, wannan ya fi min ciwo a kan zargin. Na rasa kawuna, ga shi ina rasa abokin wasana a kan ƙasar da ko akuya ba ta taɓa takawa ba.

Ranar sadakar arba'in wani tsohon ɗalibin Kawu ya zo, yanzu alƙali ne. Bayan addu'a Nasiru ya shimfiɗa masa taswirar a gaban jama'a, ya ce a raba gado da ita. Alƙali ya gyara tabarau, ya duba, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Innalillahi! Har yanzu tana nan? Wannan fadamar ce ta kayar da ni jarrabawa! An ce an ba ni aronta, me zan yi da ita. Na rubuta zan dasa mangwaro. Malam ya ja min jan layi, ya rubuta, wa ya ba ka izinin dasa itace a gonar aro, so kake jikokinka su ce taku ce?"

Wani dattijo daga baya ya ce shi sau biyu ya gaje ta. Wani ya ce har yau tana jingine a hannunsa. Zaure ya kaure da dariya, alƙali yana share hawaye da bakin rawani, kuma ba duka na dariya ba ne.

Nasiru ya daɗe yana kallon takardar. Ya naɗe ta a hankali, ya sa a aljihun gaba. Da mutane suka watse ya same ni ina naɗe tabarmi, ya kama ɗaya gefen.

"Ban taɓa zama na ji yana koyarwa ba," ya ce. "Ko sau ɗaya."

Muka kai tabarmar soro. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗata.

"Ɓarawon shinkafa. Gobe ka zo ka nuna min iyakokin."

Na je. Na zana masa a ƙasa yadda na iya.

Allah ya jiƙan Kawu Dauda, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa. Mu da ya bari, Allah ya riƙe mana zumuncinmu. Amin.