Wankan Da Mama Ba Ta Yi Ba

A ƙauyenmu, can bayan Samaru Kataf, idan mace ta haihu ba a tambayar wa zai yi wa jariri wanka. Mama ce. Ba ungozoma ba ce, ba ta taɓa yanke cibiya ba, amma da an dawo da mai jego daga asibiti za a aiko mata, ta ajiye wuƙar tsaga citta, ta ɗauki gwangwanin man kaɗanya ta tafi. Na sha bin ta ina yarinya. Takan miƙe ƙafa a kan kujera 'yar tsugunno, ta kifa yaro a cinya, ta cuɗe shi da soso har ya yi ja, ta gasa masa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta lanƙwasa masa hannuwa ta baya, ta riƙe ƙafafunsa ta girgiza shi kai a ƙasa. Yaro na tsala ihu, uwarsa na share hawaye, Mama ko a jikinta. Tana gamawa zai ɓingire da barci har rana ta take.

A al'adarmu haihuwar fari ta uwar mace ce. Ita za ta zo gidan surukinta ta zauna wata guda ko fiye, ta yi wa jika wanka safe da yamma, ta gasa wa 'yarta ciki, ta dama mata kunun acca. Idan 'ya ta haihu uwarta tana raye ba ta je ba, to gari zai so ya ji dalili. Ni kaɗai ce 'yar Mama mace, sauran ukun duk maza ne. Ta wanke 'ya'yan rabin ƙauye, amma wanka ɗaya take jira, kuma na bar ta tana jira shekara takwas, da ɓari biyu a ciki.

Bayan rasuwar Baba ne wani fari ya fito mata a fata. Ya fara a gaɓoɓin yatsu, kamar ta taɓa garin rogo ba ta kakkaɓe ba. Kafin damina biyu ya cinye bayan hannayen duka ya haura wuyan hannu. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ƙurji. Masu sauƙin baki suka ce albaras ne, sauran suka ce kuturta, kuma maganar sauran ce ta zauna. Ba wanda ya faɗa mata a fuska, mutanenmu sun fi ƙarfin wannan. Sai dai a gidan makoki matan zumuntar cocinmu suka ɗauke ta daga kwasar tuwo suka mayar da ita wurin tura itace. Bayan sujada, masu miƙa mata hannu suka koma ɗaga mata shi daga nesa suna murmushi. Aka yi haihuwa uku a unguwa ba a aiko ba. Ta ji kukan jaririn maƙwabta ta katanga, ta gane daga kukan cewa ruwan ya yi sanyi, ta ci gaba da tsaga cittarta.

Ni kuwa malamar kimiyya ce a wata sakandare a Kafanchan, kuma ina da baki, kowa ya sani. Na ɗauko ta na kai ta wurin likita. Ya sa ta rufe ido, ya taɓa farin da auduga, ya tsikare shi da allura, duk ta ji. Ya ce ba kuturta ba ce, launin fata ne kawai ya janye a wurin. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ko da cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba shi da wani tabbataccen magani. Ran Lahadi na tafi ƙauye da wannan magana a bakina kamar wuƙa. Na tare shugabar zumunta a bakin coci, matar da ta haife ni a shekaru, na wanke ta tas a gaban mutane. Na tambaye ta ko a wace aya ta karanta cewa a ware gwauruwa saboda fatar hannu. Na kama hannun Mama na ɗora a kumatuna kowa yana gani. Na koma Kafanchan ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ba abin da ya sauya, sai dai ƙarin cewa 'yar tata ba ta da kunya.

Sai ga ciki na uku, ya zauna. Da ya kai wata takwas yayar mijina ta zo gaishe ni. Ma'aikaciya ce a sakatariyar ƙaramar hukuma, mai sanyin murya, irin matan da ba su taɓa faɗar mugun abu da mugun baki ba. Ta tambayi wa zai zo wanka, alhali ta sani. Da na faɗa mata sai ta gyara zama.

"Madam, ni ban ce yana kama mutum ba fa," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba kai da ke. "Kai ne ka yi karatu. Amma bebi da mun jira shekara takwas, da shi ne za ka yi gwaji?"

Na ba ta amsar da ta sa ta fita ba sallama. Mijina yana wurin, ya ci gaba da latsa wayarsa.

Na haifi mace, ƙarama, fatarta kamar ta ɗanyen tumatir, har jijiyoyi ana gani. Zan faɗi gaskiya a nan, domin na gaji da ɗora wa wasu: ba wanda ya matsa mini. Mijina bai hana ba, yayarsa ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ni ce na dubi yarinyar nan a gadon asibiti, na tuna biyun da suka zube, sai duk abin da nake koya wa yara a aji ya tsere daga kaina. Na san ba ya kamawa. Na san na sani. Amma da na kawo farin hannun nan a raina a kan cikin 'yata, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Na buga wa ƙanena waya na ce ya miƙa wa Mama. Tun kafin in yi magana ta hau lissafa mini abin da ta tanada: acca ta surfe, daddawa ta bushe, man kaɗanya sabo, har zani ta saya. Gobe da safe za ta shiga mota. Na ce mata da yarenmu yarinyar ba ta da ƙwari tukuna, kada ta yi gaggawa, ta bari hannun ya ɗan warke sannan ta zo. Sai ta ce to. Ta tambaye ni da wa yarinyar ta yi kama.

Na zaɓi wannan kalma ta warkewa ne don na san ranar ba za ta zo ba, kuma ba sai na ce mata kada ta zo ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, Mama ba ta aiki da magana mai ƙofar baya. An ba ta aiki, sai ta nemi yadda ake yinsa.

A wajenmu idan makero ya fito wa yaro, ƙwallon kashu, wato yazawa, ake gasawa, a lakato baƙin man da ke tsatsowa da tsinken tsintsiya a ɗiga a kan zoben. Wurin ya ƙone, ya tashi, ya bushe, ya bar baƙin tabo. Da wuya ka sami wanda ya girma a ƙauyen nan ba shi da irin tabon, ni ma ina da shi a ƙeya. Mama ta yi nata tunanin: abin da ke barin baƙi shi ne maganin fari. Ta gasa ƙwallon cikin kasko, ta shafe hannayen biyu da man har wuyan hannu, ba ɗigo ba, shafawa irin ta man kaɗanya. Kwana uku a jere tana yi, a kan ƙunar jiya. Ta naɗe da tsumma, ta ce wa matar ƙanena ruwan zafi ne ya zubo mata.

Ranar da yarinyar ta cika kwana goma sha biyu, da hantsi, yayar mijina tana yi mata wanka a baranda ina zaune ina kallo, sai ga ɗan acaɓa ya shigo da buhu a kafaɗa, Mama a bayansa da sabon zaninta. Ita kaɗai ta shigo mota daga Samaru. Warin ne ya fara iso mu. Idanunta sun yi ja da zazzaɓi, leɓenta ya bushe, amma tana murmushi. Ta tsaya a gaban bahon ta kama bakin tsumman da haƙori ta warware. Hannayen sun kumbura sun yi baƙi ƙirin, ɓawon ya tsattsage, ruwa na fita ta tsakanin yatsu. Ta miƙo su gaba, ta juya su ciki da baya don mu gani da kyau. Da Hausa ta yi maganar, saboda yayar mijina ta ji.

"Ga shi, ya yi baƙi. Babu sauran fari. Ku ba ni yaron."

Yayar mijina ta rungume jaririyar da kumfa a jikinta ta fashe da kuka. Ni ban yi kuka ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma har yau ban daina jin haka ba.

Mako uku ta yi a asibiti. Likitan nan dai na farko ne ya duba ta. Ya juyo ya tambaye ni da Turanci ko bai ce mini kada a sa wa fatar komai mai ƙuna ba, tunda rauni ƙara wa farin faɗi yake. Ya faɗa kuwa. A ranar ni ce mai fassara, kuma hankalina yana kan abin da zan je in jefi matan zumunta da shi, sai na fassara mata rabin da nake so na bar sauran.

Ɓawon ya zube, farin ya dawo, ya wuce inda yake da, har kusa da gwiwar hannu. Yatsu uku na dama suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa, na hagu biyu. Mutanen ƙauye da suka zo dubiya suka kalli yatsun suka kalli juna. Yanzu kam ba wani likita da zai fid da su daga abin da suka gani da idonsu.

Da aka sallame ta na hana ta komawa. Kowace safiya sai in ajiye bahon a gabanta, in ɗora mata yarinyar a cinya. Ta gwada sau ɗaya. Soso ya ƙi zama a hannun, jikin yarinyar da santsin sabulu ya zame, na tare ta kafin ta kai ruwa. Daga ranar ta ce ni in yi, ita ta riƙa faɗa mini. Haka muka yi wankan jego, ni da hannu, ita da baki: ƙara ruwan zafi, bayan kunne, kada ki ji tsoron wuyan. Na roƙe ta gafara, na faɗa mata ainihin abin da ya sa na ce ta jira. Ta ce ai ta gane tun a waya, ta dai ga ko za ta iya rage mini tsoron ne.

Yarinyar yanzu shekararta huɗu, fatarta lafiya lau, kuma ba ta da wurin zama sai jikin kakarta. Da ta dawo daga makaranta za ta yar da jaka ta ruga wurinta. Mama takan ɗaga hannayen sama, ta bar yarinyar ta faɗa mata a ƙirji, sannan ta waiwayo ta neme ni da ido. Na ce mata ta daina, na yi faɗa, na yi kuka, na rantse mata. Har jiya da rana sai da ta tambaye ni, a hankali, yadda yarinyar ba za ta ji ba:

"In taɓa ta?"