Rigar Avoka da Telan Zongo

Tun da aka ba ɗan ƙanena muƙamin ministan shari'a, mutane suka ɗauka cewa cikina cike yake da labaran gwamnati. Ba ni da ko ɗaya. A shekarun da ya yi a kan kujerar ban cika zuwa ofishinsa ba, kuma abin da na lura da shi a can shi ne labulen tagarsa yana jan ƙasa. Na faɗa masa, aka rage shi. Na san dai ya daɗe yana aikin lauya kafin nan, wato avoka, kamar yadda muke cewa a Wagadugu, kuma sunansa ya fito ne lokacin da ya tsaya wa wasu mutanen unguwar Peuloghin da aka rushe wa gidaje. Na san da ya shiga gwamnati ya matsa a daina barin mutane suna daɗewa a kurkuku ba a kai su gaban alƙali ba. Wasu suka yaba, wasu suka ce taurin kansa ya yi yawa. Da aka sauke gwamnatinsu ya koma ofishinsa na unguwar Dassasgho, yana zuwa aiki a tsohuwar motarsa. Sauran bayani yana wurin 'yan jarida. Abin da na gani da idona shi ne yadda ya shiga aikin tun farko, shi kuwa zan rubuta.

Mahaifinsa ƙanena ne, ɗan kasuwar yadi a Zongo, sana'ar da mahaifinmu ya zo da ita daga Kano. Ni ce aka kai makarantar matan mishan, duk da surutun unguwa, a can kuma na koyi Faransanci da lissafi da ɗinki. Malamar ɗinkinmu ba ta duban fuskar aiki sai ta fara juya bayansa. Idan ta ga ƙulli guda, sai a warware duka a sake. Har yau haka nake duban abubuwa.

Yaron shi ne ɗan fari, don haka ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yabonsa a gaban kowa ba. “Yaron nan” yake cewa, ko da yaron yana tsugune a gabansa. Da yaron ya gama makaranta ya zo na ɗaya, uban ya ce an gode Allah, ya ci gaba da auna yadi. Ya shiga jami'a, ya kama ɗaki a unguwar Zogona, yana zuwa gida ran Lahadi da kayan wanki da gardama. Da ya kammala, wani babban avoka ya yarda ya ɗauke shi a ofishinsa, da sharaɗin ya yi rantsuwa a kotu tare da 'yan ajinsu. Ba a yin rantsuwar sai da baƙar riga ta aikin. Yawancin abokansa aro suka yi, masu hali kuma suka yi oda daga Faransa.

Da labari ya kai kunnen ƙanena, sai ya dube ni, alhali yaron yana zaune a wurin, ya ce, “Yaya, ki gaya wa yaron nan ba zai sa rigar aro ba, ubansa yana sayar da yadi.”

Ya zaɓi baƙin yadi mai nauyi, wanda ya fi kowane tsada a shagon, ya haɗa da hoton wani avoka sanye da rigarsa, ya kai wa amininsa, wani tela mutumin Damagaram wanda duk alhazan Zongo a wurinsa suke ɗinka babbar riga. A lokacin na tafi garin Bobo bikin suna. Na dawo saura kwanaki kaɗan a yi rantsuwa, a ranar kuwa aka kawo rigar.

Bayan la'asar ne, a tsakar gida. Telan ya warware ta a kan tabarma a hankali, yana kallon fuskokinmu. Tsawonta daidai, hannayenta masu faɗi kamar na hoton, tattarar bayanta ba ta da makusa. Amma tun daga wuya har ƙasan ƙirji, dama da hagu, ya zuba mata aiki da zare mai ruwan zinariya, irin wanda ake yi wa rigar angon gidan attajiri. Mata suka rangaɗa guɗa. Ƙanena ya kau da kai yana tauna goro, kamar ba shi ya ce a yi ba. Yaron ya tsuguna ya yi godiya yadda ya kamata, ya karɓi rigar da hannu biyu. Jim kaɗan sai ga shi a ɗakina.

Ya ce, “Gwaggo, ba za su bar ni in yi rantsuwa da wannan ba.”

“Ka tabbata, ko tsoron dariya kake ji?”

“Ƙa'ida ce. Baƙa wuluk, babu ado, kowa iri ɗaya, don kada alƙali ya gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.”

“Sai ka ari wata ka sa a can.”

“Baba zai je. Ya gayyaci rabin Zongo. Direbobin tasha ma sun ce za su kwashi mutane.”

“To ka je ka gaya masa.”

Ya shafa aikin da yatsa. Sannan ya ce, “Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, Gwaggo. Yau ya faɗa, da zare. Gara a mayar da ni daga bakin ƙofa in jira wani zagaye.”

Wani zagayen yana da nisa, kuma babban avokan nan ba zai ajiye masa gurbi ba, akwai masu jira. Na ce ya ajiye rigar da hoton ya tafi. Na sa tabarau na gwada su. A hoton akwai wasu dogayen ƙyallaye biyu baƙaƙe masu sheƙi da suka sauko daga kafaɗa zuwa ƙasa, a gaban rigar. Telan ya watsar da su, ya sa aikinsa a gurbinsu.

Da safe na sami telan a kan keken ɗinkinsa, na shimfiɗa masa hoton.

Ya ce, “Hajiya, ai na gani. Shi ya sa na gyara musu. Yaro ya yi shekara da shekaru yana karatu, in sallame shi kamar jemage?”

“Kamar jemagen ake so.”

“To me ya sa suka wahalar da shi da karatu? Ko ɗan dako idan ya samu, yakan sa a yi masa ɗan aiki a wuya.”

Na bayyana masa ƙa'idar kotu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce idan warwarewa nake nufi, gara in ɗauki almakashi in yanke masa yatsa, domin idonsa ya ba wa wannan aiki, kuma amininsa ne ya ce a yi na kece raini. Na ce babu zaren da za a taɓa. Ƙyallayen nan biyu zai mayar, su rufe aikin ruf, farin ƙyallen da avoka ke ɗaurawa a wuya kuma ya rufe abin da ya saura.

“In yi aiki in kuma binne shi da hannuna?”

“Idan zai binnu. Aikin yana da tudu, kuma zaren yana da haske. Na ji an ce telolin Faransa ne kaɗai suke iya ɗora ƙyallen nan ya kwanta sumul.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Wa ya ce?”

“Haka dai ake faɗa.”

“Ajiye rigar, Hajiya.”

Saura ƙanena. A matsayina na yayarsa, ba na bukatar kewaye-kewaye. Na same shi a shago, na jira mai saye ya tafi, na gaya masa kotu ba ta yarda a ga ado, don haka za a rufe. Ya daɗe yana naɗe wani turmin atamfa da ya riga ya naɗu.

Ya ce, “An cire?”

“Ba a cire ko zare ɗaya ba.”

“Yana nan a ƙirjinsa?”

“Yana nan.”

“To, su suka yi asara.”

Telan ya kawo rigar ana gobe rantsuwa. Na juya ta, na duba bayanta, na kai ta rana na duba gabanta. Ya sa wani siririn yadi a ƙarƙashin ƙyallayen don tudun aikin ya baje, ba a ganin komai sai baƙi. Na lura dai gefen ciki bai ɗinke shi ba, ƙananan maɓallai ya jera masa. Na tambaye shi dalili, ya ce saboda wanki. Ban yarda ba, amma aikin yana da tsabta, sai na ƙyale shi.

Ranar rantsuwa Zongo ta cika benci biyun baya har da tsaye a bakin ƙofa, manyan riguna sai ƙamshin turare. Aka jera sababbin avoka a gaban alƙalai. Ni ban ji abin da aka karanta ba, domin idona yana kan kafaɗarsa ta dama: idan ya ɗaga hannu yadin zai ja, a nan ne asiri zai tonu idan zai tonu. Aka kira sunansa, ya ɗaga hannu, ya rantse. Ƙyallen bai motsa ba. Babban alƙali ya gyaɗa kai, aka wuce kan na gaba.

A harabar kotu abokansa suna ta kiran juna “Metir”, lakabin da ake ba avoka, suna dariya saboda sabo ne a bakinsu. Da ya hango ubansa sai ya tsuguna, da rigar da komai. Ƙanena ya yi masa alama ya tashi. Ya kai hannu ƙirjinsa, ya murza ƙyallen tsakanin yatsu biyu yadda yake murza yadi a shago, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya juya wajen telan ya ce, “Yadin ya karɓi guga.”

Telan dama abin da yake jira ke nan. Ya matso ya ɓalle maɓallan gefe guda, zinariya ta haska a rana. Direbobi da 'yan kasuwa suka yi layi suna leƙawa, kowa yana cewa masha Allah, sabon avoka kuma yana tsaye ya buɗe hannuwa kamar wanda ake aunawa. Wani abokin karatunsa ya tambaya ko telan yana karɓar aikin waɗanda ba 'yan Zongo ba. Telan ya ce sai ya ga halin mutum tukuna. Na bar su suka ɗan more, sannan na ce a rufe kafin alƙalai su fito, aka rufe.

Ƙanena ya riga ya nufi mota, yana cewa ya bar shago babu kowa. Da ya kai bakin ƙofa sai ya waiwayo ya kira ni.

“Yaya, ki gaya wa yaron nan ya riƙa rataye ta. Idan ya naɗe, aikin zai karye.”